Baƙon Dauro da Sauran Baƙin Ɗakin Goyo

"Maɗigarsa ce ta faɗa."

Da wannan gwaggona ta buɗe baki ranar da muka kai ɗan ƙanwata asibiti, yana da wata bakwai a duniya, ya kwana biyu yana zawo. Likitan matashi ne, da gani bai daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ya cire wa yaron hula, ya shafa tsakiyar kansa da yatsu biyu, ya ce, "Gaskiyarki, Baba, ta faɗa. Sau nawa ya yi zawo daga jiya zuwa yanzu? Yaushe rabonsa da fitsari?" Gwaggo ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, ina yi maka zancen kai, kana yi mini zancen ciki?"

Abu ɗaya suka gani su biyun, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ni kuwa, da yake aikina a wurin bai wuce riƙon kati da jakar zannuwa ba, sai na dawo gida kalmar tana yi mini yawo a ka.

Maɗiga. Raba ta biyu ka gani. Wannan "ma" na farko shi ne na mashaya da mafaka da majema da mahauta, wato wurin da ake yin abu. Saura ɗiga. Wurin ɗiga ke nan, yadda kunne ke jin ta. To me ke ɗiga a tsakiyar kan jariri? Babu. Amma zauna kusa da jaririn da aka yi wa askin suna ka zuba wa wurin ido: yana motsi a hankali, ɓal-ɓal, kamar idon ruwa a yashin rafi da rani.

Likitocin Kano da na Maraɗi, masu Ingilishi da masu Faransanci, duk fontanel suke ce wa wurin. Tsohuwar kalmar Faransanci ce, ma'anarta ɗan ƙaramin marmaro. Bahaushiya a ɗakin jego da Bature a bakin teburin fiɗa, ba su taɓa haɗuwa ba, kowa ya dubi kan jariri ya ga ruwa.

Kuma ruwan ne. Ƙasusuwan ƙoƙon kan jariri ba sa gama haɗewa kafin haihuwa, don kai ya iya bi ta hanya, kuma ƙwaƙwalwa ta sami filin girma; sai yaro ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ramin yake rufewa. Kafin nan maɗiga ita ce ma'aunin ruwan jikinsa. In zawo da amai suka tatse shi sai ta lotsa, idanu su zurma, baki ya bushe, ya yi kuka babu hawaye, ƙyallensa ya wuni a bushe. Gwaggo ta ga lotsawar, ta so a cike ramin daga sama da ƙullin da ake kwaɓawa da man shanu a shafe wurin. Likita ya so a cike shi ta baki.

Abin da ya ba mu shi ne garin nan na ƙaramar leda da ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ledar fiya-wata biyu ke nan, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, ya kuma ce kada a janye nono ko na sa'a ɗaya. A riƙa ba shi da cokali, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Sunan wannan haɗi ma yana da ɗan tarko. Muna cewa "ruwan gishiri da sukari", gishiri a gaba kamar shi ne babba. In a gida za a haɗa, ƙaramin cokali shida na sukari ake sa wa lita ɗaya, gishiri kuwa rabin ƙaramin cokali kacal. Sukari ya ninka gishiri sau goma sha biyu. Wanda ya bi jerin sunan ya cika gishiri, ya ƙara wa yaro ciwo. Ma'aikatan jinya sukan ce a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Da ba don maɗigar ta faɗa ba ma, da ba mu je asibitin ba a ranar, domin tun kwana biyu an riga an yanke wa zawon suna a gida: haƙori ne. Ban san wani da aka ɗora wa laifin da bai yi ba kamar haƙori. Zawo, haƙori. Zazzaɓi, haƙori. Amai, ƙuraje, ciwon ido, duk haƙori. Laifinsa ɗaya, ya zo a mugun lokaci. Wajen wata shida yake fara tsirowa, daidai lokacin da yaro ya fara rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, aka fara ba shi kunu a kofin da ƙuda ya riga shi sha, kuma kariyar da ya fito da ita daga cikin uwa ta fara raguwa. Abin da haƙori ke jawowa da kansa bai wuce dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima ba. Zazzaɓi mai zafi da zawo kamar ruwa suna da wani uban daban. Sunan yana da daɗi ga uwa, don ciwon haƙori ba ya bukatar kuɗin mota, amma yana da kasuwa: tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani ruwan "maganin haƙori" da ya gurɓata ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya.

Leƙa cikin baki kaɗan, bayan haƙoran, ga wani da ake zargi. Ɗan tsokar nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, wasu su ce beli, wasu belu, wasu hakin wuya. Na fi son na ukun. Haki, wato ɗan tsinken ciyawa, ya maƙale a wuya: sunan da kansa yana kiran a zo a cire. Masu Latin da suka dubi abin, 'yar ƙwayar inabi suka gani, suka ce ubula. Wanda ya ga inabi a bakin ɗansa ba zai kira wanzami ba. Mu da muka ga haki, a gidaje da yawa kafin ranar suna ko a ranar an riga an yanke shi, don gudun kada ya kumbura ya hana yaro shan nono. Abin halitta ne, kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen tare hanyar hanci in ana haɗiya. Yankan kuwa yakan jawo zubar jini, ko shigar ƙwayoyin cuta, har da tsinkau-tsinkau in aska ba ta da tsabta.

Tunda na ambaci tsinkau-tsinkau, bari mu tsaya a kan wannan "au" ɗin. Hausa tana da dabarar laƙaba wa mutum halinsa da shi: mai yawan mantuwa mantau ne, wanda kullum sai an fara ba shi makarau ne. Da ta zo kan cututtuka sai ta yi musu yadda take yi wa mutane. Sanƙarau shi ne wanda aikinsa sanƙarar da wuya. Maƙarau ɗan dangin maƙurewa ne da maƙogwaro. Ka ji su kamar laƙabin wasu 'yan dambe da aka san su da mugun hannu.

A nan lanƙwasar harafi ba ado ba ce. A wayar da ba ta da "ƙ", sanƙarau yakan koma sankarau, daga nan taki ɗaya ne zuwa sankara, wadda ita ciwon daji ce, babu abin da ya haɗa su. Maƙarau kuma ya koma makarau, mai zuwa a makare. Wannan kuskuren na biyu har tsoro yake ba ni, don ya faɗi gaskiya ba da niyya ba: yawancin yaran da maƙarau ke kashewa a makare aka kai su.

Sanƙarau suna ne na mai ido. Turawa sun sa wa cutar sunan abin da ke kumbura, wato tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, daga kalmar Girkanci mai nufin tantani. Sai an buɗe kai ake ganin wannan. Bahaushe ya sa mata sunan abin da ake gani daga bakin ƙofa, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, haɓa ta ƙi taɓa ƙirji. Kuma mun san ta sosai, don ƙasarmu tana tsakiyar zirin da ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, wanda wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya fara bayyana shi a 1963. Tana tashi da ƙurar hunturu, ta yi ƙamari da bazara, ta lafa da saukar damina. Waɗanda suka ga annobar 1996 ba sa bukatar a yi musu bayani.

Sai dai ga inda sunan ke cin amana. Jariri mai sanƙarau sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Abin da za a gani shi ne zazzaɓi, ƙin kama nono, kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya yi masa magani, yawan barci kamar an ɗaure shi, ko jijjiga. Sannan maɗiga, ita dai, maimakon ta faɗa sai ta taso ta yi tauri ko yaro ba ya kuka. Uwar da ke jiran ta ga wuya ya sanƙare kafin ta yarda sanƙarau ne, sunan ya sa ta jira abin da ba zai zo ba.

Maƙarau kuwa yana da suna na biyu, kuma shi gidajen rediyo suka fi ɗauka lokacin da cutar ta ɓarke daga ƙarshen 2022, ta fi yin ɓarna a Kano, ta taɓa Damagaram: mashaƙo. Daga shaƙewa, babu gardama. Matsalar ita ce mashaƙo tsohon suna ne mai aiki a hannu. Da shi muke kiran shaƙewar murya da cushewar ƙirji irin na lokacin sanyi, wanda citta da kanumfari da zuma ke kora, kuma ƙamusoshi ma haka suka rubuta shi. Aka ɗauki rigar ƙaramin ciwo aka sa wa babba. Mutum ya ji an ce mashaƙo na kashe yara, ya ce wane mashaƙo, wanda muke yi kowace shekara?

Bafaranshe Pierre Bretonneau, wanda ya raɗa wa cutar sunanta na asibiti a 1826, shi ma ido ya bi. Difteriya daga kalmar Girkanci take mai nufin jemammiyar fata, saboda wani fatsi-fatsin tantani mai kauri da ke shimfiɗuwa a maƙogwaron yaro ya toshe hanyar iska. Da majeman Kano aka ba aikin raɗin, ina jin da abin da za su ce ke nan. Wannan fatar, da kumburin wuya, su ne suka raba shi da mashaƙon hunturu. Citta ba ta da aiki a nan, sai allurar da ke karya dafin cutar da maganin kashe ƙwayoyinta, kuma a asibiti. Kariyarsa tana cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake yi wa jariri a cinya a sati 6 da 10 da 14.

Duk waɗannan sunaye ne masu kallon ciwo ido da ido. Akwai kuma masu sunkuyar da kai.

Ƙyanda sunanta ƙyanda, amma tsofaffi ba su cika kiran ta haka ba in tana cikin gida. Sai su ce baƙo ya zo, baƙon dauro. Ina son wannan suna fiye da yadda ya kamata a so sunan abin da ke kashe yara. Baƙo dai an san shi: ba a kore shi, ba a ɗaga masa murya, a ba shi ɗaki, a yi fatan ya tafi lafiya ya bar gida lafiya. Baƙo raɓa ne. To dauron fa? Dauro irin geron nan ne da ake dasawa, ana samun sa sosai a kudancin Kaduna da Filato da Bauchi. Ana iya karanta sunan ta fuska biyu. Ko dai ƙurajen ne suka yi kama da ƙwayar dauro da aka watsa a jiki, ko kuma baƙon yana sauka ne bayan an girbe dauro, tunda dauro yakan kai ƙarshen kaka a gona, ƙyanda kuwa da rani take yawo. Na fi karkata ga ta farkon, don Bahaushe yakan auna ƙurji da hatsi.

Shaidata ita ce suna na uku. A Nijar da wasu garuruwan bakin iyaka dussa ake cewa, wato dusa. In ƙurajen suka fara bajewa, fatar yaro takan yi saɓa tana zuba fari-fari kamar an bushe tsaba a kansa. Littattafan likitancin Turawa, da suka zo kwatanta wannan saɓar, da dusa suka kwatanta ta su ma. Sunan Faransanci kuwa ja kawai ya gani, wanda a fatar yawancin 'ya'yanmu ba ja ake gani ba. Yatsa ya fi ido gane ƙurajen.

Ladabin baƙo yana da tsada. Saboda shi ake kulle yaro a ɗaki, a hana shi wanka, a ƙi kai shi asibiti don kada allura ta sa baƙon ya yi fushi ya "koma ciki". Alhali a ciki ya fara. Kwana uku zuwa huɗu yaro yana zazzaɓi da tari da majina da jan ido kafin ƙurji ɗaya ya fito a bayan kunne ya gangaro fuska da jiki. Ba ƙurajen ke kisa ba. Ciwon huhu da zawo da ke biyo baya su ke yi, sannan makanta ga yaron da jikinsa ba shi da isasshen bitamin A, shi ya sa ake ɗiga masa shi a baki kwana biyu a jere. Baƙo ne kuma mai gayyar kansa gidan maƙwabta: cikin mutum goma marasa riga-kafi da suka zauna da mai ita, tara na iya kamuwa. Allurarta a wata 9 ce, a maimaita a wata 15.

Babbar yayar ƙyanda ta fi ta samun ladabi. Agana, wadda ta bar zanzana a fuskokin kakanninmu, ana ce mata 'yan rani, wasu ma su ce ado. Ado! Ka dubi irin tsoron da zai sa a kira abin da ke rarake fuska da sunan kwalliya. Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ana yaba masa don ya rubuta littafi sukutum yana raba judari da hasba, wato agana da ƙyanda. Hausa ma ta raba su, ta ƙara da ƙarambau a gefe, mai ƙuraje masu ruwa. An ga mai agana na ƙarshe da ya kamu da ita a gari a Somaliya a 1977, aka yi shelar ƙarewarta a 1980. Yanzu kalmar ta zama marainiya, yara ba su san abin da take nufi ba.

Da ma an tuna da ita lokacin da ake neman sunan ƙyandar biri. Wannan suna ya yi kuskure biyu a kalma biyu. Cutar ba dangin ƙyanda ba ce, 'yar ɗakin agana ce. Birin kuma tsautsayi ne ya hau kansa, don a jikin biran wani ɗakin bincike a Kopenhagen aka fara gano ta a 1958, amma an fi zargin dangin kurege da gafiya da ɗaukar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire birin daga sunan a 2022. Mu har yanzu muna riƙe da wutsiyarsa.

Sai shawara. Wace irin cuta ce za a kira da abin da ake nema wurin manya? Shawara ɗaukar ɗaki, in ji masu magana, ga shi kuma ita ce ke mayar da idon jariri ruwan ɗorawa. Ta neman ra'ayi daga Larabci ta zo, wannan a fili yake. Ta ciwo fa? Akwai mai cewa ciwo ne da ba a yi masa gaggawa, sai an tara mutane kowa ya kawo nasa saiwar. Akwai kuma kalmar Larabci safra, rawaya, wadda Misirawa ke kiran wannan ciwo na jarirai da ita har gobe. Kusancin yana da jan hankali, sai dai harafin sadi yakan shigo Hausa a matsayin "s", kamar a sadaka da sabulu da salla, ba ya zama "sh". Don haka na bar safra a bakin ƙofa, ban ba ta tabarma ba.

Ko daga ina ta zo, jakar ta yi faɗi da yawa. Ciwon hanta shawara, zazzaɓin da sauro ke kawowa mai sa ido rawaya shawara, kasala da ɗacin baki shawara, kuma duk saiwar rawaya ake jiƙa musu, launi ya kori launi. Ta jariri daban take. Jarirai da yawa sukan yi 'yar rawaya a kwana na biyu zuwa na huɗu, ta wuce da kanta in suna shan nono sosai. Wadda ta fito a ranar haihuwa, ko ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, ko ta zo da ƙin nono da yawan barci, ko ta wuce sati biyu, wannan tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki. A hasken rana ake duba ta, ba a ɗakin jego mai labule biyu ba: a danna goshi ko karan hanci da yatsa a saki, a dubi farin ido da dasashi. Maganinta a asibiti shuɗiyar fitila ce da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta. Ruwan gulukos ba ya yi. Sannan ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso, ga wasu yara, musamman maza, su ne ke farfasa jini su tayar da shawarar.

Wasu sunayen kuma ba ladabi suke yi ba, ƙara suke kaiwa, har da sunan wanda ake tuhuma. Shan inna shi ne babbansu. Inna dai uwa ce, amma wannan Innar ta bori ce, wadda ake kuma kira Doguwa, aka ce ita ke shanye ƙafar yaro har ta zama sanda. Kalmar "sha" ta yi daidai ƙwarai, don ƙafar takan tsotse kamar rake. Mai shan ne aka yi kuskure. Ƙwayar cuta ce da ke bin bayan gida ta shiga ruwa da hannu, ta kai ga laka. Cikin yara wajen 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa, sauran su yi ta yaɗa ta ba a sani ba. Foliyo, sunanta na asibiti, guntun kalma ne daga Girkanci mai nufin toka-toka, launin ɓangaren lakar da take ci. In ciwo na Inna ne, gidan mai girka za a nufa, kuma ɗigon ruwa biyu a baki ba zai yi ma'ana ba. An ga na ƙarshe na asalin nau'in a Nijeriya a Borno a 2016, aka tabbatar da Afirka ta rabu da shi a watan Agusta na 2020. Ɗigon bai tsaya ba, don akwai wani rikiɗaɗɗen nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su karɓa ba.

Kafin wani ya yi mana dariyar iskoki, ya dubi maleriya. Italiyanci ne, kalma biyu a haɗe, ma'anarsu muguwar iska. Suna nufin tururin fadama, amma fassara ta kai tsaye zuwa Hausa ka ji abin da ta zama. Faransawa suka ce ciwon fadama, wanda a Nijar aka gutsure shi ya koma palu. Namu na da, masassara da janti, rawar jiki da zafi kawai suka faɗa. Zazzaɓin cizon sauro sabon ƙiri ne, ba zai girmi 1897 ba, shekarar da Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Dogo ne, ba shi da daɗin faɗa, amma a cikinsu duka shi kaɗai ya kama ɓarawon gaskiya, kuma duk wanda ya furta shi ya riga ya ji dalilin gidan sauro. Illarsa ita ce ya cinye sauran zazzaɓi, kowane zafin jiki ya zama nasa. Ɗigon jini daga yatsa da minti 15 zuwa 20 sun isa a raba gardama. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, in jikinsa ya yi zafi, ba a tsaya neman suna.

Akwai suna ɗaya da ya yi tafiyar da ba a saba gani ba, daga bakin uwayen Afirka zuwa littafin likita. Cicely Williams, likita haifaffiyar Jamaika da ke aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta ga yara masu kumburin ƙafa da jan gashi da saɓar fata, ta tambayi mutanen Ga abin da suke kiran wannan. Suka ce kwashiyoko, ciwon da yaro ke yi in an yi masa ƙane. Ta buga sunan a 1935, duniya ta karɓa. Da a Kano ta yi tambayar, da an ce mata uwar ce ta yi kwanika, yaron ya sha ciki. Mutanen Ga da Hausawa sun ga abu ɗaya, sabon ciki da tsohon goyo, sai dai mun ɗora laifin a kan nonon, muka ce ya zama guba. Nonon mai ciki lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana cikin yayen dare ɗaya, a raba yaro da nono a kai shi gidan kaka, a bar shi da koko tsararo babu gyaɗa, babu wake, babu ƙwai.

Yau tamowa ta fi yawo, ta haɗe mai kumburi da mai ramewa. Ana gane ta da 'yar igiyar awo mai launi uku da ake zagaya wa damtse: daga wata shida zuwa shekara biyar, in bai kai santimita 11.5 ba ya shiga ja. Mai kumburi kuwa, a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa a ƙirga uku. In rami ya zauna, wannan ƙibar ruwa ce.

Kalmar da na fi jin daɗin rabawa ita ce riga-kafi. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kafawa a kewaye gari saboda mahara, shi ya bar mana Kafin Hausa a Jigawa da Kafin Madaki a Bauchi. Kafi ne kuma abin da ake binnewa a gida don tsari. Ka riga maharin, ka kafa. Sunan Turawa na wannan aiki daga saniya ya fito, kalmar Latin, saboda Edward Jenner a 1796 da ruwan ƙurjin shanu ya kare wani yaro daga agana. Su suka tuna dabbar, mu muka tuna yaƙin. Tsofaffi kuma lamba suke cewa, saboda tabon da ke zama a damtse.

Ɗan ƙanwata dai kafin hantsin washegari maɗigarsa ta taso, ya jiƙa ƙyalle, ya kama nono. Gwaggo, wadda ta faki ido ta shafa masa ƙullinta da daddare, har yau ta san wanda ya yi aikin, kuma ba ni da bakin yi mata musu a gabanta. Shekararsa huɗu yanzu, wurin ya rufe ruf.

Ke mai goyo, in kin je gaban likita, faɗi sunan da kika sani, haƙori ne ko shawara ko baƙo, kada ki ji kunyarsa. Amma ki biyo shi da abin da idonki ya gani: kwana nawa, sau nawa, yaushe rabonsa da nono, yaushe rabonsa da fitsari. Ki kuma taho da katin riga-kafinsa.